Za mu kai ɗalibai ƙasar Gwanja: daga ina za mu fara, me za mu gani?

Wani malamin Islamiyya a Aboabo, nan Kumasi, ya aiko da tambaya. Ya ce shi da abokan aikinsa sun yi karo-karo za su ɗauki shatar mota su kai manyan ɗalibansu Yankin Savannah na arewacin Gana a hutun Disamba, amma abin da suka sani game da yankin bai wuce gandun dajin Mole da masallacin Larabanga ba. Yana so a yi masa bayanin gundumomin yankin, da tsofaffin garuruwansa, da wuraren da suka cancanci a tsaya.

Malam, Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a wannan niyya. Shawarata ta farko ita ce ku sauke Mole daga kan jerin, ku ɗora Salaga. Yaron da ya tashi a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, in aka kai shi Savannah aka dawo da shi bai taka Salaga ba, to an nuna masa giwa, amma ba a nuna masa ƙofar da kakanninsa suka shigo ƙasar nan ba. Za ku ga giwa, in sha Allahu, zan zo kanta. Sai dai tsarin tafiyar gaba ɗaya ya rataya ne a kan wannan zaɓi, don haka bari in fara da yadda ƙasar take kwance.

Yankin sabo ne a takardun gwamnati. An yi ƙuri'ar raba-gardama ranar 27 ga Disamba 2018, a farkon 2019 aka yanke shi daga Yankin Arewa aka sa hedkwatarsa a Damongo. Cikin yankuna 16 na Gana babu wanda ya kai shi faɗi, wajen murabba'in kilomita 35,000 ne, amma a ƙidayar 2021 mutanensa ba su kai 700,000 ba. Za ku yi tafiya mai nisa ba ku ga komai ba sai kaɗanya da ɗorawa da buhunan gawayi jere a bakin titi. Iyakarsa kusan ita ce iyakar tsohuwar masarautar Gwanja, kuma Gwanjawa ne ke riƙe da sarauta, amma ba su kaɗai ba ne. Akwai Vagla da Safalba da Hanga da Tampulma da Kamara da Birifor da Dagarti da Konkomba, ga Fulani da shanunsu, ga masunta 'yan ƙabilar Ewe a bakin ruwa, ga Hausawa a zangon kowane gari mai kasuwa.

Gundumomi bakwai ne, kuma ba sai yara sun yi haddarsu ba in suka gane koguna. Baƙin Volta ya biyo ta yamma, ya zama iyaka da Kwaddibuwa, ya lanƙwaso ta kudu. Farin Volta ya gangaro daga arewa ya ratsa tsakiya. Suka haɗu suka zuba cikin tafkin da madatsar Akosombo ta tara tun 1965. Gabas da ruwan akwai Gwanja ta Gabas mai hedkwata a Salaga, da ƙaramar 'yar'uwarta Gwanja ta Arewa maso Gabas mai hedkwata a Kpalbe. A tsakiya, inda kogunan biyu ke neman juna, Gwanja ta Tsakiya ce, hedkwatarta Buipe. Daga sama, a gaɓar Farin Volta, Gwanja ta Arewa ce da garin Daboya. Sai Gwanja ta Yamma inda Damongo da Larabanga da Mole suke. Can ƙarshen yamma kuma gundumar Bole da ta Sawla-Tuna-Kalba, su ne ke kan hanyar garin Wa.

Ruwan nan ya raba yankin gida biyu ta yadda mutumin Salaga, in takarda ta kai shi hedkwata a Damongo, sai ya fita daga yankinsa ya bi ta Tamale sannan ya sake shigowa. Shi ya sa mutanen Salaga ba su ji daɗi ba sa'ad da aka ba Damongo hedkwata. Shi ya sa kuma masu kai baƙi yawon buɗe ido suke tsallake Salaga, domin ba ta kan hanyarsu. Ku kuwa tana kan taku, in kuka bi tsohuwar hanya.

Tsohuwar hanyar ita ce Kumasi, Mampong, Ejura, Atebubu, Prang, Yeji. Kafin tafki ya cika, ita ce babbar hanyar arewa, kuma kafin mota ita ce hanyar goro. Prang ba sai na gabatar muku da ita ba, wasu daga cikin iyayen ɗalibanku suna zuwa saukar Alƙur'ani da ake yi can kowace shekara a garin marigayi Shehu Abdullahi Maikano. A Yeji za ku sa mota cikin jirgin fito ku ƙetare zuwa Makango, daga nan Salaga ba nisa. Jirgin ba kowace sa'a yake tashi ba, don haka ku sa wani ɗan'uwa a Yeji ya tambayo muku lokacinsa tun ana gobe, ku kuma isa da wuri. Kada gaggawa ta sa ku zuba yara a ƙananan jiragen katako masu inji da ke lodi fiye da ƙima. Tafkin cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, kuma an sha yin asarar rayuka a kansu. In jirgin fito ya wuce ku, ku kwana a Yeji.

Wanda ya shiga Salaga yau zai ga gari mai ƙura, da rumfunan doya, da babura, zai yi mamakin me ake faɗa. Amma a ƙarni na 19 babu kasuwar da ta kai ta a duk wannan sashe. An ƙiyasta mutanenta sun kai 40,000 zuwa 50,000 a lokacin ganiyarta, musamman da rani in ayari sun sauka. Dalilin girmanta kuwa siyasa ce. Goro a kurmin Asante yake fitowa, masu cinsa kuma suna ƙasar Hausa da Borno. Tun tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Sarkin Asante Opoku Ware, Asante ta sa gabashin Gwanja ƙarƙashinta, sannan sarakunan Kumasi ba su yarda fatake baƙi su kutsa kurmi su sayi goro da kansu ba. Sai aka tsayar musu da wuri: ku jira a Salaga, za a kawo muku. Nan mai goro da mai jaki suke haɗuwa.

Hulɗar ta girmi Salaga ma. Rubutaccen tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Abdullahi Burja, kuma kafin Salaga ta bunƙasa akwai kasuwanni irin su Kafaba da Buipe a bakin kogi. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato bayan damina, madugu a gaba da jagabansa, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su faɗo Sansanin Mango da Yendi, watanni suna tafe. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan fatauci. Suna kawo kanwa da turkuɗi da rigunan saƙi da jan fata da dawaki da jakuna, su koma da goro a naɗe cikin ganye, ana kwancewa a hanya ana tsince mai tsutsa ana yayyafa ruwa. Wuri shi ne kuɗin. Fatakin da ya sauka yana da mai gida a gari, shi ke ba shi masauki, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ci bashi. Duk wanda ya san yadda ake cinikin shanu ko goro a zangunanmu har yau zai gane tsarin nan bai mutu ba.

Abin da zai fi jan idon yara shi ne rijiyoyi. Salaga ba ta da kogi a gindinta, ga dubban mutane da dabbobi, sai aka dinga fasa marmara ana haƙa rijiyoyi ɗaruruwa, baki ƙarami, ciki mai faɗi, wasu kusa da juna har ka tsaya tsakanin biyu ka leƙa kowacce. Da yawa sun cike, wasu suna cikin ciyawa ba a ganin bakinsu sai an zo kai, don haka kada a bar yara su yi gaba da mai rakiya.

A nan ne kuma nake roƙonka, Malam, kada ka kau da kai daga abu mai ɗaci. Ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, an sayar da mutane. Gwanja da Dagwamba suna biyan Asante haraji da bayi, daga baya kuma mayaƙan Zabarmawa ƙarƙashin Gazari da Babatu suka yi ta kai hari ƙasar Gurunsi suna koro mutane zuwa kasuwa. Za a kai ku Wankan Bayi, inda ake wanke wanda aka kamo a shafe shi da man kaɗe don ya yi kyan gani kafin a yi cinikinsa. Za a nuna muku Rafin Angulu, inda ake yar da wanda ya mutu. Sunayen nan da harshenmu aka raɗa su, ba wani baƙo ya zo ya sa ba, kuma yara za su lura ko ba ka faɗa ba. Kasuwar Salaga da ke tsohuwar Ankara ma daga wannan gari ta samo suna. A cikin motarku, mai yiwuwa akwai jikan wanda ya saya, akwai jikan wanda aka sayar, akwai kuma wanda ya haɗa jinin duka biyun, kuma dukansu sahu ɗaya suke salla. Ni a ganina darasin da za ka yi a tsaye a bakin waɗannan rijiyoyi, a kan haramcin bautar da ɗa da kuma darajar ɗan'adam, ya fi duk abin da za su gani a tafiyar nauyi. An gyara filin kasuwar bayin a 'yan shekarun nan, akwai sarƙoƙi da mari da ake nunawa. Ka shirya yaran tun a mota, kada su shiga suna dariya da ɗaukar hoto.

Faɗuwar garin a matakai biyu ta zo. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta ga Asante ta yi rauni ta ɓalle, aka kashe wakilan Asante da ke can. Asante kuwa ta toshe hanyar goro, kasuwa ta fara gudu zuwa Kintampo da Atebubu da Kete Krachi. Bafaranshen nan Binger da ya zo a 1888 ya tarar da garin ya riga ya ja baya. Sai kuma yaƙin basasa na 1892, rikicin gadon sarautar Kpembe, garin sarautar da ke jikin Salaga, inda Kabachewura Isifa, sarkin Kabache, ya nemo taimakon Nanumba da Dagwamba ya kori Kpembewura Napo, sarkin Kpembe. Aka washe gari, malamai da attajirai suka watse. Cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano wajen 1858, wanda ya koma Kete Krachi ya zama limami, ya yi ta rubuta waƙoƙi da tarihi da Larabci da ajami har ya rasu a 1934. Ku bincika silsilar karatun tsofaffin malaman Kumasi da Ankara, za ku ga da yawa tana komawa gare shi. Watsewar nan ita ta ciyar da zangunan kudu da mutane, musamman bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896 hanyar kurmi ta buɗe. Ku je Kpembe ku yi gaisuwa a fada, ku kuma nemi a haɗa ku da dattawan unguwannin Hausawa. Sa'a guda a zauren tsoho ɗaya za ta ba yara abin da allon bayani ba zai ba su ba.

Daga Salaga zuwa Tamale kusan kilomita 120 ne, za ku ratsa Kpalbe. Ƙasar noma ce, doya da masara da shinkafa a fadamu, ba wurin tsayawa ba ne sai don salla. Ku kwana Tamale, ku cika tanki.

Daboya ita ce ta biyu a zuciyata, kuma daga Tamale ta hanyar Tolon ta fi sauƙi. Titi yana ƙarewa a bakin Farin Volta, a bar mota a shiga kwalekwale, garin yana tsallake. A Disamba ruwa ya ja baya, amma duk da haka a raba yaran kashi-kashi, kowane kwalekwale da malami. Gishiri ne ya fara ɗaga Daboya. Mata kan kankare ƙasa mai gishiri a bakin kogi, su tace, su dafa har ya daskare, ana kai shi kasuwannin arewa. Gishirin teku ya karya wannan sana'a. Abin da ya rage, kuma yake raye sosai, shi ne saƙa da rini. Ka bi lungu za ka ga zare a miƙe tsawon layi, an ɗaure ƙarshensa da dutse a kan ɗan katako, masaƙi yana zaune a inuwa yana taka ƙafa, ƙoshiya tana kai da kawowa, dutsen yana matsowa a hankali yayin da ƙyallen ke naɗuwa, faɗinsa bai wuce yatsa huɗu ba. A karofi kuma ramuka ne masu zurfi cike da baba da toka, kumfa shuɗi a sama, marina hannuwansu sun rine har gwiwar hannu. Zaren yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a gaban idonka. Yaron da aka taɓa ba shi labarin Ƙofar Mata ta Kano zai ga ɗan'uwan abin a nan. Batakarin Daboya, wato rigar da ake ɗinkawa da wannan saƙi, ta fi nauyi, ta fi tsada, kuma ta cancanci kuɗinta. Garin ne mazaunin Wasipewura, ɗaya daga manyan sarakunan Gwanja.

Tunda na ambaci sarauta, bari in tsaya kanta kaɗan, domin za ku bi ta Damongo. Mahaya dawaki ne daga ƙasar Mande suka kafa daular wajen tsakiyar ƙarni na 16, Ndewura Jakpa kuma shi ne jarumin da baka ke danganta wa faɗaɗa ta a ƙarni na 17, yana cin ƙasa yana ɗora 'ya'yansa. Tun farko da malamai a gefensa suna yi masa addu'a, shi ya sa al'ummar ta kasu uku: gidan sarauta, da Musulmi masu limanci, da talakawa 'yan asalin ƙasa masu kula da tsafin ƙasa. Malaman nan sun bar tarihin daular a rubuce da Larabci tun tsakiyar ƙarni na 18, abin da ba kowace masarauta a Gana ke da shi ba. Babban sarki shi ne Yagbonwura, a kan fata yake zama ba kujera ba, kuma sarautar tana zagayawa tsakanin gidajen Wasipe da Kpembe da Bole da Tuluwe da Kusawgu. A 1944 fadar ta taso daga Nyange ta dawo Damongo. Wanda ke kai yanzu, Bii-Kunuto Jewu Soale, ya hau a 2023. In kuna son gaisuwa ku aika tun kafin ku taso, ku tafi da goro, ku cire takalmi, ku bi abin da mai magana da yawun sarki ya ce. Ban da fada, Damongo garin ma'aikata ne da manoma, akwai kwalejin aikin gona, akwai garin rogo mai kyau da araha. Ruwan sha ne wahalarta ta shekara da shekaru, ku shigo da naku.

In kun dawo Tamale daga Daboya, titin da zai kai ku Damongo ya rabu da babbar hanyar Tamale a Fufulso, ya miƙe kilomita 147 har Sawla. Bankin Raya Afirka ne ya ba da kuɗinsa, aka gama a 2015. Kafin nan wannan hanya ita ce ke hana mutane zuwa Mole.

Larabanga tana gaba da Damongo da kamar kilomita 15. Masallacin ƙarami ne, ya fi yadda hoto ke nunawa ƙanƙanta, wajen mita 8 kowane gefe, fari fat, da hasumiya biyu masu tsini, ɗaya ta mihrabi a gabas, da sanduna da suka fito daga jikin bango. Sandunan nan su ne matakalar masu yaɓe, domin ginin ƙasa sai ana sabunta masa yaɓe bayan damina. Mutanen gari suna cewa wani fatake mai suna Ayuba ne ya gina shi a 1421, masana gine-gine da dama kuma suna kai shi ƙarni na 17, zamanin Jakpa. Ko wanne aka ɗauka, yana cikin tsofaffin masallatan da suka rage a tsaye a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 an shafe shi da siminti da niyyar kariya, simintin ya kulle danshi a ciki, gara ta ci itacen, bango ya fara zubewa. Sai da aka sa shi cikin jerin gine-ginen duniya masu fuskantar haɗari a 2002, aka ɓanɓare simintin aka koma wa ƙasa. Ga kuka a jikinsa inda ake cewa kabarin wanda ya kafa shi yake, ga kuma tsohon Alƙur'ani da ake adanawa a gidan liman, ba a fito da shi sai sau ɗaya a shekara. Ku kuna da abin da Turawa masu ziyara ba su da shi, domin ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga. Ku daidaita isowarku da azahar, ku yi alwala, ku sunkuya ta ƙaramar ƙofar ku yi salla a ciki, kashi-kashi don ba zai ɗauke ku duka ba. Samari za su kewaye motarku kowa yana cewa shi ne mai rakiya. Ku nemi inda ake rubuta sunan baƙi ku biya a can, ku gaida liman, ku ba da sadakar gyaran masallaci a hannunsa. Dutsen da ke bakin gari, wanda ake cewa masu aikin titi sun kawar da shi ya dawo har suka karkatar da hanya, ku ji labarinsa a matsayin labarin mutanen gari, kai ka san yadda za ka yi wa ɗalibanka bayani.

Ƙofar Mole tana 'yan kilomita daga nan. Shi ne gandun daji mafi girma a Gana, ya haura murabba'in kilomita 4,500. An keɓe shi a 1958, aka tashi ƙauyukan da ke ciki, ya zama gandun ƙasa a 1971. Masaukin yana kan tudu, ƙasa da shi akwai tafkuna biyu, kuma da rani dabbobi dole su zo sha. Disamba lokaci ne mai kyau, ciyawa ta bushe ana gani nesa, ko da yake giwaye sun fi taruwa a bakin ruwa daga Janairu zuwa Maris. Ana fita sau biyu, da sassafe da kuma bayan la'asar, a ƙafa ko a mota, da ma'aikaci mai bindiga. Ku zaɓi ta safe, a ƙafa. Tsayawa ƙasa ɗaya da giwa, kana jin ƙarar reshen da take karyawa da hucin numfashinta, ba ɗaya ba ne da hango ta daga kan mota. Za ku ga mariya da mazo da gwambaza da gadu, da kada a bakin tafki, da tsuntsaye fiye da iri 300. Ɓauna da gwanki sai an nutsa ciki. Kada ka yi wa yara alkawarin zaki. Dole kowa ya sa takalmi rufaffe, 'yan mata su sa wando a ƙarƙashin hijabi saboda ƙaya da tsando, a kuma guji tufafi baƙi ko shuɗi don su tsando ke bi. Gwaggon biri ya saba da mutane, zai fizge leda daga hannun yaro, kada a ci abinci a fili. Ana yi wa ɗaliban Gana rangwamen kuɗin shiga, ku rubuta wa hukumar gandun wasiƙa da hatimin makaranta, ku kama ɗakunan kwanan ɗalibai tun da wuri domin hutun Kirsimeti cika yake yi.

Daga Mole hanya biyu ce zuwa gida. In kwanakinku ba su wuce huɗu ba, ku koma Fufulso ku gangaro kudu. Za ku haye Baƙin Volta a Buipe, garin da ke da tashar jiragen ruwa masu kawo mai da siminti daga Akosombo, da masana'antar siminti, da babbar kasuwar shanu. Tsohuwar Buipe tana cikin daji kaɗan daga titi, can ne ake nuna kabarin Jakpa, kuma masu binciken tarihi na Jami'ar Gana da abokan aikinsu daga Siwizalan sun haƙo manyan gidaje na ƙasa a tuddanta. Ba a zuwa sai da izinin fadar Buipewura, sarkin Buipe. Daga nan Kintampo, ku tsaya a magangarar ruwa, sai Techiman, sai gida.

In kuna da kwana biyar ko shida, ku zarce yamma. Sawla mahaɗa ce, kasuwa da tasha. Bole ce ke da tarihi. Dakarun Samori, mayaƙin nan na ƙasar Mande, sun mamaye ta a tsakiyar shekarun 1890, har yau ana nuna kabarin bai-ɗaya a Jentilpe na waɗanda suka mutu a wannan zamani. Bole garin su Shugaba John Dramani Mahama ce, wanda ya wakilci Bole-Bamboi a majalisa daga 1997 zuwa 2009. Abin da ya sa nake son wannan hanya shi ne masallatan ƙasa da ba a yi musu suna ba: na Bole, na Maluwe, da na Banda Nkwanta mai dogayen hasumiyoyi, wanda ni a idona ya fi na Larabanga kwarjini. Babu mai kewaye ku a can, sai ladan da tsofaffi biyu-uku a inuwa. Ruwan sama ya rushe wani sashe na masallacin Bole a 2023, kuma haka sauran za su bi in an bar su, domin jama'a sun gina na bulo a gefe sun koma can, wanda ba a salla a cikinsa kuwa ba a yi masa yaɓe. In ɗalibanka za su tara wani abu na sadaka a tafiyar nan, nan ya fi buƙata.

A wannan ɓangare za su ga gonakin kashu, za su ga ramukan masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da ruwan da suka gurɓata, za su ga inda aka sare madobiya aka yi waje da ita duk da dokar hani. Gaba kaɗan akwai madatsar Bui a kan Baƙin Volta, mai ba da megawat 400, da aka gama a 2013, da gandun Bui inda dorina take. Ku haye gada a Bamboi, ku bi Wenchi zuwa Techiman. Wannan titi yakan lalace, kuma rikicin fili yakan tashi a wasu ƙauyukan Sawla da Bole har a sa dokar hana fita, don haka ku tambayi direbobin Wa halin da ake ciki a makon da za ku tashi, kuma kada dare ya same ku tsakanin Bole da Bamboi.

Hunturu a can ba irin na Kumasi ba ne. Da asuba sanyi har ƙashi, da rana zafi, leɓe yana tsagewa, hanci yana haɓo. Kowane yaro ya zo da rigar sanyi da man shafawa da katin inshorar lafiyarsa, masu asma su riƙe maganinsu a aljihu ba a jaka ba. Ku ɗauki gidan sauro ko da rani ne. Kuɗi a hannu ya fi, domin akwai wuraren da waya ba ta kamawa balle a tura kuɗi ta momo, wato ta waya. Abinci ba zai ba ku wahala ba, tuwo da miyar kuka da sakwarar doya da wasawasa da tubani suna ko'ina, kuma kusan kowane gari da na ambata yana da zango da masallacin Juma'a inda limami zai samo muku makarantar da yara za su shimfiɗa tabarma in kun aika masa tun da wuri.